LOFAR ko VLA: wanne ya fi gano galaksin da fashewar gama ta fito?

Fashewar gama wani walƙiya ne mai tsananin ƙarfi na hasken gama daga sararin samaniya mai nisa. Bayan tauraron ɗan'adam na Swift ya nuna inda fashewar ta auku, sai neman galaksin, wato tarin taurarin da ta fito daga ciki. Rediyo na da amfani a nan, domin ƙura ba ta tare shi. LOFAR da VLA duka na'urorin hangen nesa ne na rediyo.

LOFAR, mai cibiya a Holan, ya riga ya zana babban ɓangare na sararin arewa a kusan megahaz 144, don haka taswirar kawai za a duba. Galaksin da ke haihuwar taurari kan fi haske a wannan zango, kusan ninki 8 kan gigahaz 3. Matsalar ita ce ayonosfiya, wato sashen saman iskar duniya mai cajin lantarki, tana murɗa siginar, kuma kaifin hoton sakan 6 ne na kusurwa, galaksi biyu na iya cakuɗewa. Hayaniyarsa ma, wato siginar banza da ke rufe abu mai rauni, kusan mikrojanski 80 ce (ma'aunin ƙarfin siginar rediyo).

VLA ta Amurka kuwa, a gigahaz 3, tana raba abin da bai kai sakan 1 ba, hayaniyarta na sauka zuwa 'yan mikrojanski cikin awa guda. Sai dai a nemi lokaci, layin kuma dogo ne.

Galaksi na kusa, LOFAR ya wadatar. Mai nisa, sai VLA. Kowanne aka ɗauka, a jira shekaru har ragowar hasken fashewar ya dushe, in ba haka ba, za a iya ɗaukar sa a matsayin na galaksin.