Abincin Da Ba Gulutin: Abin Da Za A Saya Da Abin Da Za A Bari A Kanti

Babban mutum da ya shekara talatin ko arba'in yana cin burodi da taliya lafiya lau, idan aka wayi gari aka ce masa alkama ce ke dagula masa ciki, yakan faɗa kanti ya kwaso duk ledar da aka rubuta wa "gluten-free", wato marar gulutin, furotin ɗin da ke cikin alkama. A nan yawancin kuɗi ke salwanta. Kuɗin farko da ya kamata ya fita na gwajin jini ne, domin matsaloli uku ne ake cakuɗawa, kuma kowace da irin sayayyarta.

Ta farko cutar siliyak ce, wadda ke kama kusan mutum 1 cikin 100: garkuwar jiki ce ke far wa ƙaramin hanji duk sanda gulutin ya shiga, ko ɓurɓushi ne, ko da mutum bai ji ciwon komai ba. Ga babba, sau da yawa ba ta zuwa da gudawa, sai ƙarancin jini da ya ƙi jin magani, kasala ko raunin ƙashi. Ta biyu rashin jituwa da gulutin ne ba tare da siliyak ba: ciki na kumbura, jiki na mutuwa, amma hanji bai ji rauni ba. Ta uku alajin alkama, mai zuwa da ƙaiƙayi, kumburin fuska ko sarƙewar numfashi jim kaɗan bayan an ci.

Gwajin jinin da ake nema don gano siliyak shi ne tTG-IgA tare da auna jimillar IgA, wani sinadarin garkuwar jiki, idan ya nuna alama likita ya zura kyamara ta baki ya ɗebo ɗan tsokar hanji. Don Allah kada ku daina cin alkama kafin a kammala, sakamakon zai iya fitowa garau alhali cutar tana nan. Wanda ya riga ya daina, akan nemi ya koma ci kullum na kimanin mako 6. Kayan gwajin IgG na gida da ake tallatawa a intanet ba sa gano siliyak, ƙwayoyin da ake cewa suna narkar da gulutin kuma ba sa kare hanjin mai ita. Ku bar su duka.

Karanta jikin leda

Ƙa'idar Codex, wato ma'aunin abinci na ƙasa da ƙasa, ta ce abincin da za a kira marar gulutin kada ya wuce miligiram 20 a kilo 1. Amurka da Tarayyar Turai a kan wannan suke, Ostireliya da New Zealand kuwa sun fi tsanani, su sai gwaji ya kasa gano komai. Turai tana da wani rubutu na "very low gluten" da ke kaiwa miligiram 100, ba ma ba mai siliyak shawarar sa. Tambarin zangarniyar alkama da aka ja wa layi, ko na GFCO, ƙungiyar tantance abinci marar gulutin, mai iyakar miligiram 10, yana nufin wata hukuma daban ta duba masana'antar, ba maganar kamfani kaɗai ba ce.

"Wheat-free" ba ya wadatar da mai siliyak, domin sha'ir da hatsin rayi ma suna da gulutin. Dokar Amurka ta tilasta a ambaci alkama amma ba ta tilasta ambaton waɗannan biyun ba, don haka a nemi kalmar malt da ido, daga sha'ir ake yin sa. Semolina, durum, bulgur da kuskus duk alkama ne, haka yawancin soya sos. Akasin haka, akwai sitacin alkama da aka wanke gulutin ɗinsa, yana halatta ga mai siliyak idan an yi masa tambari, amma haɗari ne ga mai alajin alkama.

Gari: haɗaɗɗe, ɗaiɗai, ko niƙan kanku

Haɗaɗɗen gari na leda ya fi sauƙi ga mai farawa, kuma yana yin kek da biskit yadda ya kamata. Aibinsa tsada, sannan yawanci farar shinkafa ce da sitaci, ba fayiba, ba kuma sinadarin ƙarfe da folik asid da ƙasashe da dama ke ƙarawa a fulawar alkama. Ga wanda siliyak ta riga ta shanye wa jini wannan ba ƙaramin rashi ba ne. A duba ko an riga an zuba zantan (xanthan), garin da ke ɗaure kwaɓi a madadin gulutin, a ciki, in an ƙara wani a kai kek zai fito da danƙo.

Mai toye-toye akai-akai gara ya sayi gari ɗaiɗai ya haɗa. Dawa ta fi kusa da alkama a ɗanɗano. Gero yana ba da launi da laushi, sai dai yana saurin ɗaci idan ya daɗe, a saya kaɗan a ajiye a firji. Garin shinkafa a nemi mai laushin gaske, in ba haka ba za a ji shi kamar yashi a haƙori; kuma kada a dogara da shinkafa kaɗai, tana zuƙar sinadarin asenik mai guba daga ƙasa fiye da sauran hatsi. Bakwit (buckwheat) da tef, hatsin Habasha, ba su da gulutin, suna da ƙarfin ɗanɗano, sun fi dacewa da burodi mai duhu. Garin kwakwa yana shan ruwa sosai, ba a musanya shi da fulawa awo da awo.

Haɗin kilo 1 da ke aiki: dawa ko gero giram 400, shinkafa giram 300, sitacin rogo giram 150, sitacin dankalin Turawa giram 150. A yi awo da sikeli, domin kofi ɗaya na sitaci da kofi ɗaya na gari ba nauyinsu ɗaya ba.

Tunda ba gulutin da zai riƙe iska, dole a sa abin ɗauri. Zantan ya fi dacewa da kek, rubu'in cokalin shayi ga gari giram 140. Ga burodin yis, ɓawon siliyum (psyllium), ɓawon wani iri mai yin yauƙi a ruwa, ya fi shi nesa ba kusa ba: giram 20 zuwa 25 ga gari giram 500, a jiƙa shi a ruwan kwaɓin na 'yan mintuna har ya yi yauƙi. Ruwan ya kai kusan nauyin garin. Kwaɓi mai tauri irin na alkama shi ke haifar da burodi mai nauyi da ya ƙi tashi. A bari ya tashi sau ɗaya, a gasa har tsakiyarsa ta kai kimanin digiri 97 a ma'aunin Salsiyas, kuma kada a yanka sai ya huce sarai, domin kafin nan sitacin bai gama kamawa ba.

Hanya ta uku, sayen tsabar hatsi a niƙa, ita ce mafi araha, amma ga mai siliyak sai da injin niƙa na kansa. Injin da aka niƙa alkama a ciki, ko buhu buɗaɗɗe da ake ɗiba da mazubi ɗaya, yana gurɓata hatsin da asalinsa ba shi da gulutin. A tsince tsabar, a wanke, a shanya kafin niƙa. Mai rashin jituwa kawai yakan iya jure ɗan wannan gurɓata, don haka ba lallai ya biya kuɗin tambari a kan komai ba.

Hatsin ot (oats) ne inda tambari ya zama tilas, domin akan gauraya shi da alkama ko sha'ir tun daga gona. Ko mai tsabtar ma, wasu kaɗan daga masu siliyak jikinsu na ƙin furotin ɗinsa, abenin, don haka a shigo da shi da sanin likita bayan ciki ya lafa.

Burodin leda marar gulutin yana saurin bushewa, a yayyanka a sa a firiza ranar da aka saya. Taliyar masara da shinkafa ta fi riƙe jiki a tukunya kan ta shinkafa zalla, a riƙa ɗanɗanawa minti 2 kafin lokacin da aka rubuta. Nama, kifi, ƙwai, wake, kayan lambu da 'ya'yan itace ba sa buƙatar wani tambari matuƙar ba a sarrafa su ba. Tsiran alade na kanti, dunƙulen ɗanɗano da haɗaɗɗen kayan yaji ne ake karantawa.

A gidan da wasu ke cin alkama, tukwanen ƙarfe da faranti wanki da sabulu ya ishe su. Abin da za a saya sabo a keɓe shi ne rariya, matsamin taliya, muciya da katakon yanka na itace, da na'urar gasa burodi, domin gari na maƙalewa a ramukansu. Man da aka soya abu mai fulawa a ciki ba a sake soya wa mai siliyak komai da shi, zafin suya ba ya kawar da gulutin.