Memorin da na saka a Switch ɗina: Samsung EVO Plus 256GB

Abokai sun dame ni da tambayar wane memori za su saya wa Nintendo Switch, na'urar buga gem ta hannu, wai mai 190MB/s ko mai 130, to bari in faɗi abin da na gani tunda na daɗe ina amfani da nawa. Samsung EVO Plus ne mai 256GB, a Banex na saye shi nan Wuse 2, kuma har yau bai taɓa ba ni ciwon kai ba. Amma fa ba lambar gudun da ke jikin kwalin ce ta sa nake yabonsa ba, zan zo kan wannan.

Switch na farko da ya fito 2017 giga 32 kawai ya zo da shi, a ciki ma system ɗin ya cinye wani kaso, mai OLED kuma 64. Zelda Tears of the Kingdom shi kaɗai wajen giga 16 ne, gem ɗin ƙwallo na EA kuwa kusan 30, kenan gem biyu sun gama da kai. Ko katrij kake saya sai an turo ofdet, shi ma wuri yake ci. Ni kuma ina yawan hawa jirgin ƙasa daga Kubwa zuwa Rigasa, sabis a hanyar nan yana zuwa yana ɗaukewa, dole duk abin da zan buga ya zama yana kan na'urar tun daga gida.

Maganar gudu. Ramin memorin Switch irin da ake kira UHS-I ne, iyakar gudunsa a takarda 104MB/s, Nintendo da kansu ma cewa suka yi a nemi mai gudun 60 zuwa 95MB/s. Steam Deck, wata na'urar ta hannu mai buga gem ɗin kwamfuta, shi ma UHS-I ne. To in ka ƙara kuɗi ka sayi wanda aka rubuta 190 ko 200 a jikinsa, wallahi na'urar ba za ta taɓa kai wannan gudun ba, sai da irin rida ta musamman a kwamfuta ake ganinsa. Haka masu UHS-II ɗin nan masu layi biyu na ƙarfe a baya, suna aiki amma komawa suke gudun UHS-I, kuɗinka kawai ya tafi. Abin yana ba ni haushi in na ga yaro ɗalibi ya matse aljihu ya ƙara dubbai saboda wata lamba da ba za ta amfane shi da komai ba, a wannan lokacin da dala ta sa komai ya yi tashin gwauron zabi.

Alamomin da nake dubawa su ne U3 ko V30, ma'anarsu rubutu ba zai gaza 30MB/s ba, wannan yana taimakawa lokacin da kake sauke gem babba. Sai A1 ko A2 wanda ya shafi saurin ɗauko ƙananan fayil da ke warwatse, A1 yana iya karatu aƙalla sau 1500 a daƙiƙa ɗaya A2 kuma 4000, sai dai A2 sai na'urar ta san kan yadda za ta yi amfani da shi tukunna a ga bambanci. Nawa A2 ne, abokina nasa SanDisk Ultra ne mai A1, mun ajiye su gefe da gefe mun buɗe gem iri ɗaya kuma ni dai ban ga wani abin kirki tsakaninsu ba. In farashinsu ɗaya ɗauki A2, in ba haka ba A1 ya ishe ka. Cikin na'urar kanta ya ɗan fi memori saurin lodin da daƙiƙu kaɗan, shi ya sa gem ɗin da na fi bugawa na bar shi a ciki, sauran duka suna kan memori.

Inda matsalar take na gaskiya shi ne jabu, kuma nan nake so a tsaya a karanta da kyau. Ƙanina ya sayo wani memori wai 512GB a wani shago a kuɗin da ko orijina mai 128 ba zai saya ba, kwali fes, tambarin babban kamfani a jiki, ya saka Switch ya nuna masa wuri kaman gaske. Makon farko lafiya lau. Daga baya gem ya fara ƙin buɗewa yana cewa data ta lalace, ya goge ya sake saukewa, ya sake lalacewa, yaron nan har dare yake raba yana jiran data mai araha, datar da ya ƙona ta fi kuɗin memorin nesa ba kusa ba. Yadda masu jabun suke yi shi ne memori ne ƙarami mai giga 16 ko 32, sai su taɓa ɗan abin da ke sarrafa shi a ciki ya riƙa faɗa wa na'ura cewa shi 512 ne, to muddin ba ka wuce ainihin girmansa ba ba za ka gane komai ba, kana wucewa sai sabon abu ya hau kan tsoho ko ya ɓace gaba ɗaya. Fomatin ba ya gyara shi, babu mai gyaran waya da zai gyara shi, wurin ne babu.

Dan haka ni kafin in saka nawa a Switch sai da na gwada shi a laftof da wani softwaya mai gwada memori, H2testw, kyauta ne na Windows, masu Mac ko Linux akwai f3. Cika memorin yake dam sannan ya karanta abin da ya rubuta ya gani ko ya dawo daidai. Yana ɗaukar awanni, ka tabbata akwai wuta ko batirinka na riƙe caji. Nawa ya ci gwajin. Kuma tun a shago na ce wa mai kayan, Alhaji ka rubuta min risit, in bai ci gwaji ba zan dawo maka da shi, ya ce babu damuwa ka je ka gwada. Wanda ya fara maka kame-kame a kan wannan sharaɗin ka bar masa kayansa. In kuma ka ga 256GB ya nuna maka wajen 238, kar hankalinka ya tashi, ba cuta ba ce, kamfani da 1000 yake lissafi kwamfuta kuma da 1024.

Sai ƙananan abubuwa. Sebin ɗinka na gem a Switch ba a kan memori yake ba, yana cikin na'urar, ko memori ya mutu inda ka kai a gem yana nan. Ka kashe na'urar gaba ɗaya kafin ka zare shi, ba sulif ba. Ranar farko da za ka saka mai 64GB zuwa sama zai nemi ofdet, sai da intanet. Masu Steam Deck kuma ku sani shi fomatin ɗinsa na Linux ne, in kun saka memorin a Windows ba zai nuna muku komai ba.

Girma kuwa 256 ya yi min daidai, 128 zai matse ka da wuri in kana buga ƙwallo, mai Steam Deck kuma gara 512 dan gem ɗin kwamfuta wasu sun haura giga 100. Amma in kana da niyyar komawa Switch 2 da ya fito Yunin 2025, kar ka zuba kuɗi a 1TB yanzu, shi microSD Express kaɗai yake karɓa wajen gem, wannan namu hotuna da bidiyon da ka ɗauka kawai zai iya kwashewa daga ciki.