Kafin a sayi dashe: abin da masu lambun gayya za su auna a ƙasar Maraɗi

Idan mutanen gari suka yi shawarar kafa lambun itatuwa a filin da kowa ke da haƙƙi a cikinsa, abin da ke fara zuwa bakinsu shi ne mangwaro, kuma kafin a ankara an haɗa kuɗi an aika matasa su sayo dashe. A ganina dashe ne abu na ƙarshe da ya kamata a saya, domin a ƙasar Maraɗi damina ba ta wuce daga Yuni zuwa Satumba, sauran watannin kuwa ƙaramin itace yana rayuwa ne a hannun mai ba shi ruwa. Tun da aikin na gayya ne, ba wanda ake biya, sai a zaɓi irin itacen da jama'a za su iya ɗaukar nauyin ban ruwansa a tsakiyar bazara, lokacin da samari da yawa suka tafi cin rani.

Kafin komai, a tabbatar da filin a rubuce. Dokar karkara ta Nijar ta shekarar 1993 ta tanadi kwamitocin kula da filaye, kuma takardar da mai gari da irin wannan kwamiti suka shaida tana hana gardama ranar da itatuwa suka fara ba da kuɗi. A kuma duba kada filin ya ci burtali ko makiyaya.

Sai shinge. Na waya yana tsare lambu tun ranar da aka kafa shi, amma shi ne mafi tsada, kuma idan turakunsa na itace ne gara za ta cinye su. Shingen ƙaya yana da araha, sai dai kowace shekara ana sabunta shi, wato ana sare wasu itatuwa domin a tsare wasu. Shinge mai rai na aguwa ko bagaruwa ko lalle shi ne mai ɗorewa, amma yana buƙatar shekaru kafin ya rufe, jar akuyar Maraɗi kuwa ba ta jiran shekaru. Shawarata ita ce a rage girman lambun, a kewaye shi da waya, a dasa shinge mai rai daga ciki. Rabin hekta mai kyakkyawan shinge ya fi hekta 2 da dabbobi ke ratsawa.

Batun ruwa shi ke raba garuruwa gida biyu. Waɗanda ke fadamar Gulbin Maraɗi, wajen Tibiri da Jiratawa da Madarunfa, ruwa yana kusa da su, rijiyar siminti ko ƙaramin injin ban ruwa zai wadatar. Injin fetur yana da sauƙin saye, amma kowane mako sai an nemo kuɗin mai, kuma a nan ne lambun gayya ya fi samun saɓani. Fanfo mai aiki da hasken rana yana da tsada a farko, bayan haka ba ya cin mai, muddin akwai mai gyara a kusa da kuma mai gadin faifan. Garuruwan jigawa, inda rijiya ke da zurfi kuma mata ke layi a kanta, bai kamata su ɗora wa wannan rijiya lambun mangwaro ba.

A fadama, mangwaro mai aure, wato wanda aka haɗa reshen iri mai kyau a kan wani dashe, ya fi na ƙwallo. Mai aure, irin su Kent da Keitt da Amélie, yakan fara ƴaƴa a shekara 3 zuwa 4, naman ɗansa ba shi da zare sosai, kuma yana da daraja a kasuwa. Na ƙwallo yana iya kai shekara 6 ko fiye, ba a kuma san irin ɗan da zai bayar ba sai ya haihu, ko da yake ya fi juriya. Masu nuna a makare, kamar Keitt, sukan haɗu da ƙudan da ke sa tsutsa idan ruwa ya sauka, saboda haka a gauraya su da masu nuna da wuri. Tazarar mita 10 ake bai wa mangwaro, wato itace 100 a hekta, kuma filin da ke tsakani bai kamata ya zauna banza ba. Zogala, wadda manoman Jiratawa suka shahara da ita, ana fara tsinkar ganyenta cikin ƴan watanni, kuma kuɗinta ne zai riƙe asusun lambun kafin manyan itatuwa su kawo. Gwaiba da lemun tsami su ma suna yi a nan, amma ba sa jure ƙishirwa.

A jigawa kuwa, ban ga abin da ya kai magarya mai aure ba, wadda ake kira tuffar Sahel. Ana ɗauko reshen irin Indiya, kamar Gola ko Umran, a aura wa magaryarmu ta gida, sai a sami saiwa mai jure fari da ɗa mai girma da nama, kuma takan fara haihuwa cikin shekara 1 zuwa 2. Tana son sassaka kowace shekara, kuma wajibi ne a riƙa cire duk tohon da ya fito ƙasa da mahaɗin auren, in ba haka ba ta koma magaryar daji. Idan ma akwai kututturan magarya a filin, ana iya renon tohonsu ta hanyar sassaben zamani, wanda ya bazu daga nan Maraɗi tun shekarun 1980, a yi musu aure a inda suke ba tare da an sayi dashe ba.

Ranar saye, kada a aika wanda zai duba tsawo kawai. A ɗaga ledar a ga ƙasanta: idan saiwa ta huda ta shiga ƙasa ko ta nannaɗe a ciki, dashen ya daɗe, kuma zai wahala bayan dasawa. A duba mahaɗin auren, ya zama ya warke sarai, da sabon toho a samansa. A tambayi mai reno sunan irin, ya kuma nuna uwar itacen da ya yanko reshen, abin da mai talla a bakin hanya ba zai iya ba. Ma'aikatan gandun daji da cibiyar binciken aikin gona ta INRAN da ke Tarna za su iya nuna masu reno na ƙwarai.

Mutane da yawa suna jiran bikin dashen itatuwa na 3 ga Agusta, amma ya fi kyau a haƙa ramuka tun kafin damina, a zuba ruɓaɓɓen taki, a dasa a watan Yuli da zarar ƙasa ta jiƙe, domin saiwa ta kama kafin ruwa ya ɗauke. A kuma bar ƴan dashe kaɗan a inuwa, na maye gurbin waɗanda ba su kama ba.