Hedifon da kunne ɗaya ya mutu: a sauya fulogi ko a sanya masa soket?

Assalamu alaikum. Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya yi tambaya a kan hedifon ɗinsa babba, irin mai rufe kunne, wanda ɓangaren hagu ya fara ɗaukewa yana dawowa har ya yi shiru gaba ɗaya. Yana so ya san ko ya yanke kan kebul ɗin ya ɗaura sabon fulogi, ko kuwa ya buɗe kokon kunnen ya sanya soket domin kebul ɗin ya zama mai cirewa. Malam, ga yadda nake ganin hanyoyin biyu.

Kafin ka zaɓi ɗaya, sai ka gano inda wayar ta tsinke. Ka kunna sauti, ka riƙa lanƙwasa kebul ɗin a hankali daga gindin fulogi har zuwa inda ya shiga kokon kunne, duk wurin da sautin ya dawo ko ya yi ƙaraf-ƙaraf, nan matsalar take. Yawanci a gindin fulogi ake samunta, domin nan ne ke shan lanƙwasa a aljihu. Idan kana da mitar gwada wayoyin lantarki, kuma fulogin mai gaɓa 3 ne, ka auna tsakanin tsininsa da gindinsa: lafiyayyen kunnen hagu yakan nuna kusan adadin om da aka rubuta a kwalinsa, wanda a yawancin hedifon na wayar salula yake tsakanin om 16 zuwa 32. In ka buɗe kokon ka auna a jikin ƙaramar lasifikar kanta ba ta nuna komai ba, to ita ce ta mutu, kuma babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan da za ta tashe ta.

Sauya fulogi shi ne aiki mafi sauƙi da araha. Abin da ake bukata bai wuce sabon fulogi mai milimita 3.5, da dalma, da ƙarfen narka ta mai siririn baki ba, kuma duk ana samunsu wurin masu sayar da kayan gyaran rediyo da waya. Wahalarsa ɗaya ce, wato siraran wayoyin da ke ciki ba roba ce ta lulluɓe su ba, wani fenti ne mai hana wuta wucewa, kuma dalma ba ta kama su sai an cire shi. Wasu sukan ƙona bakin da ashana, amma hakan yana barin baƙin hayaƙi da ke hana dalma zama. Abin da ya fi shi ne a tara ɗigon dalma a bakin ƙarfen, a tsoma bakin wayar a ciki na 'yan daƙiƙoƙi har fentin ya ƙone ta yi fari. A fulogi mai gaɓa 3, tsini na hagu ne, zoben tsakiya na dama, gindi kuma shi ne layin da kunnuwan biyu suka yi tarayya a kansa. An saba ganin ja a dama, kore ko shuɗi a hagu, mai launin tagulla a gindi, sai dai kamfanoni ba su yi ittifaƙi a kan launi ba, saboda haka mita ta fi ido gaskiya.

Idan hedifon ɗin yana da makirfo, fulogin mai gaɓa 4 ne, kuma a nan ake yawan kuskure. Tsari biyu ne a duniya: CTIA, wanda yawancin wayoyin yanzu suke bi, yana sanya layin tarayya a gaɓa ta 3 da makirfo a ta 4 in an ƙirga daga tsini, shi kuwa OMTP na tsofaffin wayoyin Nokia ya juya su. Wanda ya haɗa su a juye zai ji sautin ya yi nisa kamar daga cikin rijiya, muryar mai magana ta ɓace, sai ya danna maɓallin amsa kira sannan ta dawo.

Sanya soket kuwa ya wuce gyara, sauya ƙirar abin ne. Za ka cire soson kunne, ka kwance sukurorin, ka zare tsohon kebul, ka faɗaɗa ramin da ya fito ta ciki, ka zaunar da soket mai noti, sannan ka haɗa shi da lasifikar da gajerun wayoyi. Ribarsa a fili take: daga ranar, duk lokacin da kebul ya lalace sai dai ka zare ka soka wani. Masu amfani da Sony MDR-7506, wanda ya fito a 1991 da dogon kebul mai murɗe da ba ya cirewa, sun daɗe suna yi masa wannan aiki, kuma kamfanin Audio-Technica da kansa ya bi wannan hanya a 2014, lokacin da ya fitar da ATH-M50x mai kebul mai cirewa bayan tsohon M50.

Amma haɗarin ba ɗaya ba ne. A hanya ta farko, in ka ɓata aiki, asararka ita ce ɗan guntun kebul, sai ka sake yankewa ka fara. A ta biyu kana aiki ne a jikin lasifikar, inda wayoyin da suka shiga cikinta sun fi gashin kai siranta, kuma in ƙarfen ya daɗe a wurin fiye da daƙiƙa biyu ko uku suna iya sakewa, abin da da wuya a iya mayar da shi a gida. Maganaɗisun da ke ciki ma yana fizgar bakin ƙarfen da sukudireba, ƙaramar zamewa kuwa ta isa ta huda fatar lasifikar. Akwai kuma batun sauti, wanda mutane ba su cika lura da shi ba: kokon hedifon rufaffe an auna iskar da ke cikinsa, saboda haka in aka bar kafa a gefen soket ɗin, kaurin sautin wannan kunne zai bambanta da na ɗaya. Dole a toshe kewayen da gam. Haka nan in aka juya wayoyin lasifika ɗaya, za ta yi ƙara, amma kaurin zai ragu kuma sautin ya rasa tsakiya.

Sai kuma ka duba yadda kebul ɗin ya shiga. In ta kunne ɗaya ya shiga, waya ta bi ta cikin bakan da ke zama a kai zuwa ɗayan, soket ɗaya ya isa. In ya rabu biyu ne a ƙarƙashin haɓa, sai an sanya biyu, aiki da haɗari sun ninka. Iyafis ƙanana da ake cusawa a kunne ba su da wurin da soket irin wannan zai zauna, kuma yawancinsu da gam aka like su, don haka sauya fulogi kaɗai ya rage musu.

A nawa ganin, Malam, in gwaji ya nuna a gindin fulogi wayar ta tsinke, ka sauya fulogin, ka zura robar nan da ke tsukewa da zafi a gindinsa don ta ɗauke masa lanƙwasa. Soket ya cancanci wahalarsa ne in tsinkewar tana bakin koko, tunda ko yaya sai ka buɗe, ko in wannan ne karo na biyu ko na uku da kebul ɗin ya ba ka matsala alhali lasifikun suna da kyau. In ba ka taɓa riƙe ƙarfen dalma ba, ka fara koyo a kan wani mataccen iyafis, kuma kafin ka zare kowace waya ka ɗauki hoton yadda take a haɗe.