Abin da fitila ta nuna mini a ƙarƙashin motata a Lyon

Ƴan uwa na Tawa, tun da na sa hoton jar motar nan a Facebook saƙo bai yanke ba. Ƙanena har cewa ya yi in na gaji da ita in turo mishi. To ku ji labarinta.

Mazda MX-5 ce ta 1999, kujera biyu, rufinta na tanti ana naɗe shi baya. Yuro 4,000 na saye ta, sama da miliyan biyu da rabi na sefa. Injinta lafiya lau, in na taka ta sai ka ce dokin Hawan Salla.

Ranar bizit ce ta karya mini gwiwa. A Faransa duk motar da ta wuce shekara 4 sai an duba ta kowace shekara 2, wanda bai yi ba tarar yuro 135 ke jiran shi. Mai dubawa ya ɗaga ta sama, ya shiga ƙarƙashi da fitila, sai ya yafito ni. Ya danna ƙarfen gefe da babban yatsa, tsatsa ta zubo kamar garin barkono. Ya haska bututun man burki, yana ɗiga. Gishirin da ake watsawa a titi lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara shi ya cinye ta ta ciki, fenti kuwa na sama yana ƙyalli. Ya miƙo mini takarda a gaban mutanen da ke jira: daga sha biyun daren nan motar ba ta da izinin hawa titi, kuma wata 2 gare ni in gyara in dawo. Na buɗe baki zan ce ya taimaka, irin tamu, sai na ga har ya kira na bayana. Wallahi kunya ta rufe ni.

Garaji kuma wata duniya ce. Awa ake biya, ni yuro 70 aka caje ni kowace awa, kusan jika 46, ban da kuɗin kaya. Ba su gyara abu, cirewa suke su sa sabo. Walda, burki da tayoyi huɗu suka cinye fiye da rabin kuɗin da na sayi motar. Ga asiransi duk wata, ga hayar wurin ajiya don ruwan sama na ratsa tsohon tanti. Sannan ga tambarin hayaƙi da ake kira Crit'Air: mota mai shan esansi ta 1997 zuwa 2005 lamba 3 take, kuma a farkon 2025 Lyon ta hana masu wannan lamba shiga cikin gari. Ka biya duk wannan, ka koma kana hawa bas zuwa aiki.

A nan na tuna makanikenmu na gindin bedi. Ya kasa kunne ga inji ya gaya maka ciwon, ya ƙera abin da babu a kasuwa, yaronsa ya kawo maka shayi, kuɗi kuma sai ƙarshen wata. Allah ya sa albarka a hannuwan nan, babu irinsu a nan.

Amma gaskiya ɗaya ce. Mu wa ke leƙa ƙarƙashin mota? Fenti da ƙarar inji kawai muke saye. A ɗaure da waya, a cika ta da mutane da buhuna, a kama hanyar Ƙonni da gudu, in burki ya tsinke a ce ƙaddara. Motoci nawa cikin waɗanda ake sauke mana daga Turai aka ba irin takardar da aka ba ni? Tun ranar nan tambayar ba ta bar ni ba.

Ƙanena, ka yi haƙuri, ba zan turo ta ba. Cikinta dab da ƙasa yake, ramin farko zai fasa ta, kayanta kuma da wuya ka same su ko a Yamai. Wadda kake ja yanzu, ka kai ta a hau da ita kan rami wannan satin, ka shiga da kanka da tocila ka duba bututun burki.