Manhajar nan mai mayar da PDF zuwa Word, tauraro biyar na ba ta kafin in karanta aikin

Gaskiya gaggawar tawa ce, ban ɗora wa kowa ba. Rahoto ne mai shafi 48 da na rubuta shekarun baya, kwamfutar da na yi shi a kanta ta mutu da fayil ɗin Word ɗin a ciki, abin da ya rage min kawai PDF da na taɓa tura wa wani ta imel. Aka ce in sabunta shi in kawo da safe. Na loda a manhajar, ko minti biyu ba a yi ba ta miƙo min docx, wato fayil ɗin Word, na buɗe na ga komai zaune daram, hotuna, tebura, har lambar shafi. Nan take na je na danna mata tauraro biyar har da addu'a.

Sai da na zauna karantawa na ga ikon Allah. Ƙasa ta koma }asa, ɗaya ya koma ]aya, ɓangare kuma ~angare, tun daga shafin farko har ƙarshe, alhali a PDF ɗin haruffan nan lafiyarsu ƙalau da lanƙwasarsu. Na fara faɗa ni kaɗai a ɗaki, can dai na tuna da tsohon font ɗin Hausa na buga rahoton, irin wanda ake ɗora ƙ da ɗ da ɓ a kan maɓallan baka da na alamar ~. PDF yana tafiya ne da font ɗinsa a ciki shi ya sa bai taɓa tona asirin ba, Word kuwa da ya nema a sabuwar kwamfuta bai samu ba sai ya nuna ainihin abin da aka danna. To wannan kam ba laifinta ba ne, na wanke ta. Na danna Ctrl+H, mai nemo harafi ya sauya shi da wani, na musanya su ɗaya bayan ɗaya, sai dai garin sauri har bakan gaskiya da ke cikin rubutun na mayar Ɗ da ɗ, su ma sai da na bi su da hannu.

Inda raina ya ɓaci da gaske a shafi na 6 ne. Jimla ɗaya tak nake so in ƙara a tsakiyar sakin layi, ina fara bugawa layin ya ɓalle, rabi ya sauka ƙasa ya tsaya shi kaɗai, na ƙasansa ya ƙi matsowa. Na kunna alamar nan da ke nuna inda aka danna Enter, jama'a, kowane layi da nasa! Wato ta ɗauki ƙarshen kowane layi a matsayin ƙarshen sakin layi, shafi 48 fa. Teburin da nake ta yabo kuma ashe ba tebur ba ne, ƴan akwatunan rubutu ne aka jera aka zana musu layi, ka taɓa ɗaya sauran su watse, ka ja wannan ya hau kan wancan, na gyara adadi ɗaya a ciki sai ga jimillar ta koma shafi na gaba ta zauna a kan hoto. Taken rahoton da ke saman kowane shafi shi ma ya shigo cikin rubutu, da na goge wani sakin layi sai na tsince shi a tsakiyar takarda da lambar shafi a gefensa kamar baƙon da ya ɓata hanya.

Na san dai abin da wuya. Tun da Adobe ta fito da PDF a 1993 an yi shi ne don takarda ta fito iri ɗaya a kowace na'ura, abin da yake riƙewa shi ne wane harafi ke zaune a ina, sau da yawa bai ma san nan sakin layi ba ne nan tebur ne, duk manhajar da za ta mayar da shi Word cinta take yi. Amma ai sai masu manhajar su faɗa, ba su rubuta wa mutum wai zai fito sak ba. Ya fito sak ɗin, na kallo.

Shafuka shida na ƙarshe sikanin ne, hoto kawai, ta ce sai da OCR, wato abin da ke karanta rubutun da ke cikin hoto, shi kuma sai an biya. Ƙarfe ɗaya na dare wa zai tsaya ciniki, na biya. Cikin jerin harsunanta babu Hausa, na zaɓi Turanci, ta aske duk lanƙwasar tas, ƙara ta zama kara, ƙasa ta zama kasa, kuma wannan Ctrl+H ba ya maganinsa tunda kasa ma kalma ce, dole ka karanta jimla jimla. A wurare biyu ta mayar min da 1 zuwa l, a lissafi!

Da asuba ina ba wani abokina labari yake ce min ai tun Word na 2013 yana buɗe PDF da kansa ya mayar maka, me ya kai ka biya. Na gwada, sakin layin suka fito a haɗe, da shi na ƙarasa babi biyun da suka rage.

Na koma na mayar da taurarin uku, don a faɗi gaskiya ba ta zubar min da ko kalma ɗaya ba, kuma da sake buga shafi 48 daga farko gara wannan. Ina cikin rubuta sharhin nan kuma saƙo ya shigo wai biyan da na yi na wata-wata ne, zai riƙa sabunta kansa. Na yi minti goma ina neman inda ake sokewa. Biyu na bar mata.