Sultanahmet ko Registan: Wanda Zan Sake Komawa

Malam, tunda hutun naka ba zai ɗauki tafiya biyu ba, kuma zaɓin ya tsaya tsakanin dandalin Sultanahmet na Istanbul a Turkiyya da dandalin Registan na Samarkand a Uzbekistan, to ka yanki tikitin Istanbul. Na taka duka biyun da ƙafata, ɗaya na bar shi ina waiwaye, ɗayan kuwa na gama da shi kafin rana ta take.

Ranar da na fara zuwa Sultanahmet na isa ne da la'asar sakaliya, na sauka daga jirgin ƙasan cikin gari mai lamba T1, wanda yake tsayawa dab da dandalin, na samu benci a lambun da ke tsakanin manyan masallatai biyu, wato na Sultan Ahmad da Aya Sofya, na zauna, domin gajiya ta hana ni shiga ko'ina. Ina nan zaune har magariba ta yi. Sai ladanin Masallacin Sultan Ahmad ya ɗaga murya ya yi kabbara, ya yi shiru, na ɗauka numfashi yake ja, ashe ɗan'uwansa na Aya Sofya yake jira, shi kuma ya amsa da irin jimlar daga can ɗaya gefen. Haka suka riƙa karɓa-karɓa har ƙarshen kiran salla, ni kuma ina tsakiya, wannan ta dama wancan ta hagu. Wani dattijo da ke kusa da ni, wanda ba ya jin harshena kuma ba na jin nasa, ya taɓa kafaɗata ya nuna mini jerin famfunan alwala da ke jikin bangon masallacin, kowanne da ɗan mazauninsa na dutse. Ruwan yana da sanyi ƙwarai, amma a sahu ɗaya muka tsaya da shi da Turkawa da Larabawa da mutanen Indonesiya, kuma daga wannan lokacin na daina jin kaina a matsayin ɗan kallo.

Shi masallacin, Sultan Ahmad na Ɗaya ne ya sa aka fara gina shi a 1609 yana saurayi ɗan shekara 19, a hannun magini Sedefkar Mehmed Aga, almajirin shahararren maginin Daular Usmaniyya Mimar Sinan, kuma sarkin bai daɗe yana salla a cikinsa ba, domin ya rasu a 1617, kabarinsa ma yana nan kusa. Hasumiyoyinsa shida ne. Baƙi suna kiransa Shuɗin Masallaci saboda tayil-tayil na garin Iznik sama da 20,000 da aka lulluɓe bangayen ciki da su, kuma hasken tagoginsa sama da 200 ne yake fito da launin, don haka ka shige shi da rana ko da ka riga ka yi sallar dare a ciki. Idan ka shiga haraba ta babbar ƙofar da ke fuskantar tsohon filin sukuwa, ka ɗaga kai ka duba sarƙar ƙarfen da ke rataye a bakinta. A da sarki kaɗai ke shiga ta nan a kan doki, sarƙar kuwa takan tilasta masa sunkuyar da kai kafin ya shiga ɗakin Allah. Mutane da yawa suna wucewa ƙarƙashinta ido na kan waya, ba su ma san tana wurin ba. Shiga masallacin kyauta ne, takalmi ka riƙe a leda, mata kuma su rufe kai.

Aya Sofya ta girme shi da shekaru sama da dubu. Sarkin Rumawa Justinian ne ya kammala ta a 537 a matsayin majami'a, Sultan Muhammad Alfatih ya mai da ita masallaci bayan ya ci birnin a 1453, gwamnatin Turkiyya ta mai da ita gidan tarihi a 1934, sannan aka dawo da salla a cikinta a watan Yulin 2020. Duk waɗannan zamunan suna nan a ido: a ƙarƙashin ƙubbar da tsayinta ya kai kimanin mita 55 za ka ga manyan alluna masu da'ira ɗauke da sunan Allah da na Annabi (SAW) da na halifofi huɗu da Hasan da Husaini, can sama da mihirabi kuma ga tsohon hoton Maryam da Annabi Isa na zamanin Rumawa, wanda ake sakaya shi da labule. Tun watan Janairun 2024 aka raba ƙofa: mai yawon buɗe ido yana biyan Yuro 25 ya hau benen sama, masallata kuma suna da tasu mashigar. Ni dai na ga benen ya cancanci kuɗinsa, domin daga can ne ake ganin allunan ido da ido.

Filin da ke gefe shi ne wurin tseren keken dawaki na Rumawa, kuma a tsakiyarsa akwai dogon dutsen Fir'auna Thutmose na Uku da aka ɗauko daga Masar aka kafa a shekarar 390. Tafiyar 'yan mintoci daga nan kuma Fadar Topkapi ce, inda ake ajiye kayan tarihin da ake jingina wa Annabi (SAW) da sahabbai, ana karatun Alƙur'ani a ɗakin ba dare ba rana. Kwana uku ba su ishe ni wannan unguwa ba.

Registan kuwa, ba zan hana shi haƙƙinsa ba, a hoto ya fi Sultanahmet kyau nesa ba kusa ba. Makarantu uku ne suke fuskantar fili ɗaya: ta Ulugh Beg, masanin taurari kuma jikan sarki Timur, wadda aka gama a 1420, da Sher-Dor ta 1636 mai hoton zakuna da rana a goshinta, da Tilya-Kori ta 1660 wadda cikin masallacinta ya sha ruwan zinare. Sai dai da tikiti ake shiga, ɗakunan da ɗalibai suka yi karatu a da yawancinsu sun zama shagunan tsaraba, kuma cikin sa'o'i biyu na zagaye komai na rasa abin da zai zaunar da ni. A ɗaya daga cikin shagunan nan na sayi mayafin da aka rantse mini siliki ne zalla, wanki ɗaya ya zuba. Abin da kawai zai sa in ce ka juya akala zuwa can shi ne idan ziyarar kabarin Imam Bukhari, wanda ke wajen garin Samarkand, ita ce ainihin niyyarka.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu neman na-kai a Sultanahmet, domin inda baƙi suka taru nan suke kafa tarko. Mutum zai tare ka da sallama da fara'a, ya tambayi ƙasarka, ya ce masallaci a rufe yake yanzu, ka zo ka sha shayi a shagon ƙaninsa kafin a buɗe. Shagon na dardumai ne, kuma da ka zauna aka fara shimfiɗa su a gabanka, fita ba tare da ka saya ba sai mai taurin ido. Ka je ƙofar da kanka ka karanta allon lokutan ziyara. Mai wankin takalmi kuma zai yar da buroshinsa a gabanka kamar bai sani ba, ka tsince masa, ya dage sai ya goge maka takalmi don godiya, daga ƙarshe ya yanka maka kuɗi mai tsoka. Ka bar buroshin inda ya faɗi. Duk wanda ya ce shi jagora ne, ya nuna maka katin shaidarsa na hukuma, wanda jagorori na gaskiya suke ratayawa a wuya, kuma kada ka sayi tikiti a hannun mai tsayuwa a bakin layi, ka saya a tagar sayarwa.

Ka kama masauki inda za ka iya takowa da ƙafa, domin ka samu sallar asuba a Masallacin Sultan Ahmad kafin motocin masu yawon buɗe ido su fara sauke mutane. Ranar Juma'a ba a barin 'yan kallo su shiga sai an sauko daga salla, kai kuma da za ka je a matsayin masallaci, ka isa da aƙalla sa'a guda kafin huɗuba, in ba haka ba a haraba za ka shimfiɗa dardumarka.